Likitan bisashe da neman ƙarin sani: a ware masa lokaci cikin lokacin aiki

Duk wanda ya saba da kasuwannin bisashe na ƙasar nan, ko Tunfafi, ko Badagishiri, ko Kundumawa, ko Sabon Mashi, ya san akwai mutum guda wanda ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya karɓar la'ada, amma ba a loda shanu ko raguna zuwa Jibiya ko Illela ko Maigatari cikin kwanciyar hankali sai da sa hannunsa. Wannan mutum shi ne likitan bisashe, ko kuwa ma'aikacin kiwo da ke ƙarƙashinsa. Shi ke duba dabba da ranta, shi ke duba nama a mahauta tun da asuba, shi ke cewa wannan a ci, wannan a turbuɗe. Babbar ƙidayar da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna cewa bisashen Nijar sun haura miliyan 31, raƙuma da shanu da tumaki da awaki da jakuna da dawaki. Dukiya mai yawan haka tana rataye ga sanin mutane ƙalilan. Tambayar wannan mako ita ce: yaushe waɗannan mutane ke samun damar sabunta saninsu, kuma cikin lokacin wa?

Kamar yadda aka sani, ɗan ƙasa da ke son zama likitan bisashe, bayan ya ci bak, sai ya ƙara wajen shekara shida. Da yawa daga cikin manyan likitocin ƙasar nan sun fito ne daga babbar makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, wadda aka buɗe a 1968, wadda kuma Nijar ke cikin ƙasashen da suka haɗa hannu wajen riƙe ta. Wasu sun yi karatu a Maroko ko Aljeriya ko Tunisiya, wasu a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wasu kuma a nan kusa, Zariya ko Sakkwato. Amma wanda ya fito da wannan diplom ya san kaɗan-kaɗan ne daga kowane fanni. In ana son mai husa'a a kan bin sawun annoba, ko tsabtar nama da madara, ko aikin ɗakin bincike, ko haihuwar shanu, ko kiwon kajin zamani, to sai ya koma karatu: mastar na shekara ɗaya ko biyu, ko doktora na shekara uku ko fiye. A lokacin nan kuwa ya riga ya zama magidanci, yana da iyali, yana riƙe da aiki.

Hanya biyu, babu ta uku

Galibi hanya biyu ke gabansa. Ta farko, ya nemi a sallame shi ya tafi staj ɗungurum, abin da dokokin ma'aikata suka san da shi. Wannan tana bukatar yardar magabata, tana bukatar bursu, sa'an nan kujerarsa ta zauna wofi ko a ɗora wa wani a kan nasa aikin. Ta biyu, ya rubuta sunansa a jami'a, ko ta Yamai, ko ta Maraɗi, ko ta Tawa, ko wata ta waje mai koyarwa daga nesa, ya ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, karatun kuma ya san yadda zai yi da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya ta tsakiya, wato ma'aikaci yana nan bakin aikinsa, amma an rubuta, an sa hannu, cewa awa kaza a mako na karatu ne. Inda ake samun haka, yawanci kirkin shugaba ne ya kawo shi, kuma ranar da aka canza shugaba, alfarmar ta bi shi.

A ɗauki misalin likita mai riƙe da gunduma guda a arewacin Tawa ko na Damagaram, wanda ya shiga karatun mastar ta hanya ta biyu. Da asuba yana mahauta. Da hantsi makiyayi na jiransa a ƙofar biro da labarin tumakin da ke ɓari. Ranar kasuwa ba shi da kansa. In kamfen na rigakafi ya zo, sai ya yi makonni yana bin rijiyoyi da mashekarai, hankalinsa na kan ƙanƙarar da ta rage cikin akwatin allura. Ya dawo, rahoton wata na jiransa, ga taro a wajen perefe, ga baƙin furoje da ke son a raka su daji. Sai bayan lisha, in akwai wuta, in intanet ta yarda, zai buɗe littafi, idanu na lumshewa. In mace ce, to bayan lisha ma ba nata ba ne, domin aikin gida bai san tana karatu ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙarshen irin wannan zama ɗaya ne daga cikin uku. Ko ya watsar da karatun bayan ya zuba kuɗinsa. Ko ya riƙa satar lokaci a ɓoye, yau ya ce ba shi da lafiya, gobe ya ƙirƙiro tafiyar aiki, har amana ta lalace tsakaninsa da na sama da shi. Ko kuwa, in ya jure ya gama, ya riƙe a ransa cewa da guminsa shi kaɗai ya yi, babu wanda ke bin sa bashi, don haka ranar da wata ƙungiyar waje ta ɗaga masa hannu sai ya tattara. A duk cikin ukun nan, makiyayi da ɗan kasuwa ne ke asara.

Cuta ba ta tsaya inda littafi ya tsaya ba

Mai karatu na iya cewa: mutum ya yi shekara shida yana karatu, me kuma ya rage? Tarihin bushiya ya isa amsa. A 1962 aka soma babban yaƙin haɗin gwiwa da wannan annoba ta shanu a yankin tafkin Cadi, tsakanin Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashe. Aka yi shekaru ana allura, har aka ɗauka an gama da ita. Sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980, ta yi wa makiyayan Najeriya ɓarna mai tsanani a 1983. Da aka sake ɗaura ɗamara a 1986, an gane cewa allura kaɗai ba ta isa ba: sai an iya ɗibar jini a tabbatar rigakafin ya kama, sai an iya bin sawun cuta garke zuwa garke, sai kuma an samu allurar da ke jure zafi, domin ta farko tana lalacewa in ƙanƙara ta ƙare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a filin Nijar aka gwada sabuwar allurar mai jure zafi, wadda wani likita Ba'amurke mai suna Jeffrey Mariner da abokan aikinsa suka haɗa, aka kuma buga sakamakon gwajin a 1990. Allura ce da ke iya yin wajen wata guda ba tare da firji ba. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Likitan da ya tsaya a kan abin da ya koya a shekarun 1960, da ba da shi aka ci wannan nasara ba.

Bayan bushiya, wasu sun shigo. A watan Fabarairu na 2006, makonni kaɗan bayan ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna, aka tabbatar da ita a Magarya. A 2016 kuma zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a jahar Tawa, musamman wajejen Cintabaraden da Tasara da Abalak. Cuta ce da sauro ke yaɗawa tsakanin bisashe, tana sa tumaki da awaki ɓari, tana kashe ƴan ƙanana, mutum kuma yakan ɗauke ta wajen yanka ko taɓa jini da ɓari. An soma ganin marasa lafiya a farkon watan Agusta, cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da sunan cutar a tsakiyar Satumba, a daidai lokacin da makiyaya ke haɗuwa don bikin lasar gishiri na Ingal. Sama da mutum 25 suka rasu. A irin wannan cuta bisashe ke fara nuna alama kafin mutane, saboda haka idon da ya kamata ya fara gani shi ne na likitan da ke daji, in an ba shi damar sanin abin da zai duba.

Ƴan kasuwa su dubi abin da ya samu takwarorinsu na gabashin Afirka. Da wannan zazzaɓi ya ɓulla a Saudiyya da Yaman a 2000, Saudiyya ta rufe ƙofa ga bisashen yankin, kuma ba ta buɗe wa na Somaliya ba sai a 2009. Shekara tara ƙasar da ke rayuwa da sayar da raguna ta rasa babbar kasuwarta. Takardar lafiyar da likita ke sa wa hannu darajarta na tafiya ne da yardar da mai saye ya yi da sanin wanda ya sa hannun. Ga kuma alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Abijan a 2015, na kawar da annobar awaki da tumaki kafin 2030. Wannan aiki na bukatar masu iya ƙidaya da gwaji da nazarin sakamako a kowace jaha, ba a Yamai kaɗai ba.

Yadda wasu ke yi

A Ingila, hukumar da ke rajistar likitocin dabbobi ta wajabta wa kowane likita mai aiki awa 35 na ƙarin sani a kowace shekara, kuma sai ya rubuta abin da ya koya. Tana da wata takardar ƙwarewa da aka shirya musamman don wanda ke bakin aiki: an rarraba ta kashi-kashi, jimillarta wajen awa 600, kuma an ba mutum har shekara 10 ya kammala. Can ma gardama ba ta ƙare ba, domin hukumar ta ɗora wa likita wajibin karatu ne, amma yawan kwanakin da mai asibiti zai sallame shi da kuɗin da zai biya masa, wannan magana ce ta kwantaragi. Shi ya sa likita a can, kafin ya karɓi aiki, yakan tambayi kwana nawa na karatu ke ciki, kamar yadda yake tambayar albashi. Mai asibitin da ya biya kuɗin karatun kuma yakan sa sharaɗin cewa in likita ya tafi da wuri, sai ya maido wani kashi. Kowa ya san haƙƙinsa, kowa ya san abin da ke kansa.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1974 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 140 a kan hutun karatu mai albashi, wato lokacin da ake ba ma'aikaci cikin awoyin aikinsa don neman sani, ba tare da an taɓa abin da yake ci da iyalinsa ba. A 2018 kuma hukumar FAO ta ɓullo da wani horo na bin sawun annoba ga ma'aikatan lafiyar dabbobi a ƙasashen Afirka da dama: mako huɗu a aji, sa'an nan wata uku na bincike a wurin da mutum ke aiki, ƙarƙashin idon wani gwani. Darasin da ke ciki shi ne, ana iya haɗa karatu da aiki in an tsara, har aikin ya zama shi ne littafin.

Abin da shugabanni ke cewa

Adalci ne a saurari daraktan da ke ƙin sa hannu, domin shi ma yana da hujja. Hujjarsa ta farko ita ce ƙarancin mutane. Tun zamanin gyaran tattalin arziki na shekarun 1980 da 1990 ɗaukar ma'aikata ya ja baya, faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka kuɗin karatu a Faransa da Beljiyam, kuma giɓin da aka samu a lokacin bai cike da sauri ba. In likita ɗaya ke riƙe da gunduma, ya rufe ƙofa ya zauna karatu, wa zai duba saniyar da ta kwanta? Ta biyu, an sha ganin wanda aka sallama da albashinsa, ya samo diplom, bai ko zauna ya sha ruwa ba ya wuce furoje. Ta uku, akwai masu neman takarda don hawa matsayi kawai, su zaɓi fannin da ba shi da alaƙa da aikinsu ko kaɗan. Ta huɗu kuma ma'aikata ne da kansu ke faɗinta: in alfarma ce, to na kusa da biro ke samu, wanda ke Tasker ko Ngurti ba ya ko jin labarin bursu sai wa'adi ya wuce.

Duk waɗannan gaskiya ne. Amma in an duba da kyau, kowace ɗaya daga cikinsu rashin ƙa'ida ne ya haife ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata a rubuta

Da farko a yi lissafi. Makon aiki awa 40 ne a doka. In aka ware rabin yini a mako, wato awa 4, kashi ɗaya ke nan cikin goma. A cikin mako 45 na shekara an samu awa 180, karatu mai nauyin awa 600 zai ƙare cikin shekara uku da ƴan watanni, ko ƙasa da haka in likita ya ƙara da nasa lokacin, kamar yadda ya kamata ya yi. A kan wannan sai a ƙara ƴan makonni a dunƙule don jarrabawa da aikin ɗakin bincike, wanda dole sai an je Yamai ko Dakar. Wannan ba ya rushe ma'aikata.

Sa'an nan a bi kalandar kiwo. Babu mai hankalin da zai nemi hutun karatu a tsakiyar kamfen na rigakafi, ko a makonnin da ake lodin ragunan Layya, ko ranar da annoba ta ɓulla. Kowace gunduma tana da watanninta na sauƙi, kuma daraktan jaha ya san su. A zauna tun farkon shekara a rubuta: wane zai yi karatu ranar kaza, wane zai tsaya masa. Akwai likitan gundumar maƙwabta, akwai ma'aikatan kiwo da suka fito daga makarantar Kollo, akwai likitoci masu zaman kansu da ke da ƴan taimako a ƙauyuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku, kuma shi ne mafi amfani, batun binciken ya fito daga inda likita ke aiki. Likitan Maraɗi ya yi nazarin abin da ke ɓata fatar jar akuya, wadda sunanta ya kai Turai tun da daɗewa. Na Filinge ya dubi madarar shanun Azawak na Tukunus. Na Gaya ya ƙidaya hantar da ake zubarwa a mahauta saboda tsutsa, ya gano fadamar da ke kawo ta. Na bakin iyaka ya tattara magungunan dabbobi da ake kasawa a rana ranar kasuwa, a auna a ga nawa ne na gaske, nawa ne jabu. In haka ne, awa huɗun nan ba su bar gunduma ba, sun dawo mata da riba. In ya gama kuma, kada kundin ya kwanta a kabad: ya zo gidan rediyon karkara ya bayyana abin da ya gano da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, makiyaya da mahauta su ji.

Abu na huɗu, sharaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda aka ba lokaci da albashinsa ya sa hannu cewa zai yi shekara kaza a bakin aiki bayan ya gama, ko ya biya abin da aka kashe. Wanda ya faɗi jarrabawa sau da sau ba tare da uzuri ba, a karɓe damar a ba wani. Ita ma ma'aikata ta ɗauki nata alkawari: kada a horar da mutum kan bin sawun annoba sa'an nan a tura shi ƙirgar buhunan dusa. A ƙarshe, a liƙa jerin sunayen masu jira a fili, a sa shekarun da mutum ya yi a daji cikin abin da ake dubawa, a kuma tabbatar mata ba su koma ƙarshen layi ba.

Masu zaman kansu da masu dukiya

Tun da aka buɗe ƙofar aikin likitan bisashe ga masu zaman kansu a shekarun 1990, akwai likitocin da ba su da albashin gwamnati. Ga mai ɗan asibitinsa a Dakwaro ko Abalak, ranar karatu rana ce da ba a shigar da ko dala. Tun da gwamnati na ba irinsu kwangilar rigakafi, ana iya sa kwanakin ƙarin sani da kuɗinsu cikin kwangilar, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa kuma ta sa ido a kai. Shi kuwa Alhaji mai gonar kaji a bakin Yamai ko Maraɗi, wanda ya ɗauki matashin likita aiki, ya yi lissafin ɗan kasuwa: rabin yini a mako, da kaji dubu biyar su mutu cikin dare uku saboda cutar da ba a gane da wuri ba, wanne ya fi tsada?

Ƙungiyoyin dillalai da na mahauta da na masu fitar da kilishi da fata suna da bakin magana a nan, domin su ke biyan harajin kasuwa, su ke tsayawa a gaban duwan da takarda a hannu. Ba abin mamaki ba ne in wata ƙungiya cikinsu ta ɗauki nauyin binciken likitan garinsu a kan matsalar da ke cin ribarta. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma, da suka saba fafutukar albashi da alawus, ya kamata su sa lokacin karatu cikin jerin kokensu.

Mahauci yakan dakata da fiɗa ya wasa wuƙarsa, kuma ba a taɓa jin maigidansa ya zaftare masa lada saboda wannan dakatawa ba. Magabatan ma'aikatar kiwo da na ma'aikatar ƙwadago su dubi wannan magana tun bisashe na kan ƙafafunsu. Allah ya kare dukiyar talakawa, ya ba masu kula da ita ikon ƙara sani.